Motar da Ta Ƙi Durƙusawa

Tafoki,
Litinin, 4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga taubashina Yahya bakanike, a Kankara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfinka, jikan mace. Yaya Zulaihatu da yara, yaya aiki, yaya zaman ɗar-ɗar ɗin da muke ciki gaba ɗayanmu? Mu nan sai godiya. Baba dai ƙafar ta sake kumbura, ko masallaci sai an riƙa shi, shi ya sa ba na kwana nesa da gida. Uwargida Barakatu na gaishe ku.

Ka ga yadda aka mayar da mu zamanin da. Tun da aka katse layukan waya a yankinmu, wayata ta koma fitila. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina firamare, don haka in ka ga rubutun kamar tonon kaza, ka daure. Hadi direba, mai jigila tsakaninmu da ku, shi zai riƙa kai mana takarda.

Tun da kakarka ta bar gidan yayanta, wato kakana, ta yi aure Kankara, zuriyarta ba ta tsinana mana komai ba sai kai da ka iya ƙarfe. To yau ranarka ta zo.

Masarata ta gonar Kwarin Marke, can wajen Sabuwa, ta yi kyau bana. Mun sussuke, buhu hamsin cif, abincin gidan nan ke nan na shekara. Amma tana can jibge cikin daji, kuma ka san su wa ke yawo a dajin. Duk sawu ɗaya da mutum zai yi, bai san ko zai dawo ba. A-kori-kurata kuwa buhu goma sha huɗu ke durƙusar da ita. Gide, sarkin lodinmu, hannu yake zurawa tsakanin tayar baya da bodi, da ya ji saura yatsu huɗu sai ya ce, "Ta ƙoshi, ku bari hakanan." A wannan lissafi sawu huɗu ke gabana. Ni biyu nake so.

Ga motar nan Hadi ya tuƙo maka, yau ya ajiye tasa saboda ni. Sifirin ɗin baya, ƙarafan nan masu lanƙwasa da bodi ke zaune a kansu, falle biyar-biyar ne, ka ƙara huɗu kowane gefe su zama tara. Ka kewaye bayan da kejin ƙarfe mai tsawo, ka sa ƙugiyoyin ɗaure igiya. Ka yi sauri don Allah, barci ba ya ɗaukata in na tuna buhunan nan.

Ubangidanka,
Rabo

*

Kankara,
Alhamis, 7 ga Oktoba

Zuwa ga Rabo, wanda ya naɗa kansa ubangida.

Wa alaikumus salam. Mun ji gaisuwa, mun kuma ji ciwon Baba, Allah ya ba shi lafiya. Zulaihatu ta ce a gwada gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi safe da yamma. Yara lafiya lau, sai Sumayya da ke fama da mura.

Abin da ka aiko mani ya iso. Na ce abin, don kunyar kiran ta mota nake ji. Da Hadi ya shigo da ita gareji, maƙwabcina mai faci ya taso ya yi mani jaje, ya zaci gawa aka kawo. Na shiga ƙarƙashinta na kwanta na fi awa. Falle ɗaya na hagu ya tsage. Shokazoba masu tare girgiza duka biyun sun mutu tun ba yau ba, mai ko ɗigo babu a cikinsu. Robobin da sifirin ke juyawa a kansu sun cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Wato duk shekarun nan da kake taƙama a Tafoki, a kan ikon Allah kawai kake tafiya.

Zan canza wanda ya tsage, in sa sababbin shokazoba da robobi, in ƙara falle biyu kowane gefe. Biyu na ce, ba huɗu ba. Bari in yi maka bayani a hankali yadda ƙwaƙwalwar manomi za ta ɗauka. Sifirin ba shi kaɗai ke ɗaukar kaya ba. Akwai shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar ke zaune a kansu. Akwai taya, akwai birki. In na ƙara wa sifirin ƙarfi, waɗannan suna nan yadda masu ita suka ƙera su, ga kuma tsufa a kai. In ka ɗaura wa tsoho ɗamara ya miƙe, ƙashin bayansa dai na tsoho ne. Kai ma shaida ne, kana jin naka in ka sunkuya.

Keji zan yi maka na bututun ƙarfe, daidai rufin kan mota. Fiye da haka, in ka sha kwana kaya za su rinjaye ka. Ƙugiya takwas sun isa. Zan kuma ɗauke safayar taya daga ƙasa in kafa mata mazauni a bayan kai, don ramukan hanyarku sun kusa cinye ta.

Da falle bakwai za ta ɗauki buhu goma sha takwas lafiya. Sawu uku ke nan. Ka yi haƙuri da ukun.

Wanda ya fi ka hankali,
Yahya

*

Tafoki,
Lahadi, 10 ga Oktoba

Yahya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sawwaƙe wa Sumayya. Baba ya ɗan ji dama, jiya har ƙofar gida ya fito.

Na karanta zaginka, na ajiye, zan rama in na sami sukuni. Yanzu ba ni da shi. Ranar Juma'a sun ɗauke Abdulgafar. Ka san shi, dogon nan mai tsaga a kumatu wanda gonarsa ke jikin tawa, shi ya raka ka kasuwar Dandume shekarar da ka zo. Da amalanke yake kwasar tasa masarar. Sawu na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku suka tare shi da rana tsaka, suka tafi da shi da shanun. Amalanken muka tarar a gefen hanya, da takalminsa ƙafa ɗaya. Matarsa Mairo na nan da 'ya'ya biyar, ko kuka ta daina, zaune kawai take tana kallon ƙofa.

Sawu na uku, Yahya. Shi ne wanda kake ce mani in yi haƙuri da shi.

Kai kana Kankara cikin gari, tsoronka shi ne ƙarfe ya tsage. Ni tsorona mutum ne da bindiga. Wanda ya ga mota ta wuce sau ɗaya zai ce hanya ce ta biyo da ita. Ya gan ta sau biyu, ya gane. Na uku jira zai yi. Wallahi tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko Barakatu.

Akwai wani a Sabuwa mai mota irin tawa sak, falle tara aka yi masa, buhu talatin yake ɗorawa, har yau tana yawo. Ko bakaniken da ya yi masa ya fi ka iyawa ne? In aikin ya gagare ka, faɗa mani, ba abin kunya ba ne ga jikan mace. Sai Hadi ya ɗauko ta in kai wa maza.

Huɗu na ce. Kejin ma ka ƙara masa kamu biyu sama da rufi. Motata ce, raina ne, masarata ce. Ina so ta dawo kafin Juma'a.

Rabo

*

Kankara,
Laraba, 13 ga Oktoba

Zuwa ga Rabo mai kan dutse.

Assalamu alaikum. Labarin Abdulgafar ya tsaya mani a rai, Allah ya kuɓutar da shi, ya ba Mairo juriya. Mun yi masa addu'a a masallacin gareji. Mu nan lafiya, Sumayya ta warke.

Ga motarka. Na yi abin da ka ce, ba don na yarda ba, sai don na san in na ƙi, wajen wani za ka kai ta wanda ba zai ko leƙa ƙarƙashinta ba. Falle tara kowane gefe. Sai da na sa aka ƙero mani dogayen ƙusoshin ɗauri, don na asali ba su kai ba. Bayanta ya ɗaga sama kamar tinkiya na shan ruwa, duk wanda ya wuce sai ya tsaya kallo. Keji ya wuce rufi da kamu biyu, ƙugiya takwas, na ƙara maka ɗan tsani a gefe don masu lodi, da tamfol. Kada ka ce bawanka bai yi maka komai ba.

Yanzu buɗe kunnen nan naka mai kama da faifai. Da na wanke shasin na ga tsaga a na dama, daidai inda kan mota ya haɗu da bodi. Siririya ce, tsawon ɗan yatsa. Na ɗora mata farantin ƙarfe na yi walda ciki da waje, amma walda faci ce, ba sabon ƙarfe ba.

Abu na biyu ya fi wannan. Ma'aunin Gide ya tashi aiki. Da, motar ce ke faɗa muku ta gaji, ta hanyar durƙusawa. Yanzu na toshe mata baki. Ko gidanku kuka ɗora mata, da kai da tumbinka a sama, yatsu huɗun nan ba za su zo ba. Don haka ku daina aunawa da hannu, ku ƙirga da baki. Goma sha takwas. In ƙidaya ta yi maka wuya, ka tara tsakuwa goma sha takwas a aljihu, duk buhun da ya hau ka yar da ɗaya, na san iyakar karatunka.

A gangaren rafin nan na Kwarin Marke ka sauka da giya ɗaya, kada ka dogara da birki.

A gaida Baba da Barakatu, a ce mata ina taya ta haƙurin zama da kai.

Yahya

*

Tafoki,
Lahadi, 17 ga Oktoba

Zuwa ga bawana na kirki, Yahya.

Sallama mai yawa, da gaisuwa ta gaske wannan karon. Kowa lafiya. Baba ya sa maka albarka har sau uku, na ce ya rage, kada ta yi maka yawa.

Kai, ashe ka iya aiki! Jiya Asabar muka je, da hantsi muka isa. Gide ya ɗora goma sha huɗu, ya zura hannu, hannun ya shige har gwiwa. Ya ɗora ashirin, ko gezau. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Rabo, wannan ba ta ko san ana yi ba, a ƙaro!" Sai da muka kai ashirin da shida, ba don ta ƙoshi ba, sai don na ga rana ta yi sama na ce a ɗaure. Muka taho tana tafiya kamar ba ta ɗauki komai ba. Mutanen Tafoki suka fito bakin hanya suna kallo. Yau buhu ashirin da shida na cikin ɗakin ajiya, na yi barcin da rabona da shi tun watan jiya.

Maganar tsakuwa kuwa na karanta wa majalisa, an yi dariya har da masu riƙe ciki. Gide ya ce a faɗa maka shekara talatin yana lodi, hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ba zai koma ƙirgen tsakuwa da furfurarsa ba. Na ce masa ya rabu da kai, taubashi ne, so kake in riƙa yawo da rabin kaya a yi mani dariya. Na duba farantin da ka liƙa, yana nan daram.

Abu ɗaya, a gangaren rafi na ji birkin ya ɗan yi laushi, har ya yi wari. Amma ta tsaya.

Saura ashirin da huɗu nawa. Sannan akwai buhu goma sha ɗaya na Abdulgafar da suka rage a masussuka. Har yanzu babu labarinsa. Jiya da yamma Mairo ta zo ƙofar gida ta durƙusa, ta ce, "Malam Rabo, in akwai wuri, ko buhu ukku ne a sanyo mani, yara su samu na tuwo." Na ce mata duka zan kwaso. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu, sawu ɗaya, mu rufe maganar dajin nan har baɗi.

Naka,
Rabo

*

Kankara,
Talata, 19 ga Oktoba

Ɗan'uwana Rabo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Hadi na tsaye yana jira na.

Na ajiye wasa. Ka sake karanta wannan layin. Ba taubashinka ke magana ba, bakanike ne mai shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin mota. Na rantse da Allah ba zolaya a cikin takardar nan.

Ashirin da huɗu da goma sha ɗaya, talatin da biyar ke nan. Motarka ba za ta ɗauka ba. Za ta tsaya cak a masussuka, Gide zai zura hannu ya ce da saura, kowa zai ga kamar lafiya. Ba lafiya ba ce. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa dominsa bai ɓace ba, shasi yake tafiya, daidai wurin da na yi faci. Farantin ba zai ɓalle ba, gefensa ne zai karye, kuma ba zai yi maka sallama ba. Warin da ka ji a gangare birki ne ke ƙonewa, da ashirin da shida ma ke nan.

Ka raba shi biyu. Na san abin da sawu na uku ke nufi, ban manta da Abdulgafar ba. In ba za ka iya biyu ba, ka ɗauki goma sha takwas, rabi naka rabi na Mairo, ka bar sauran wa Allah. Ni zan aiko maka da buhu biyu daga nawa, ba alfahari ba.

Laifina ne da na cusa gargaɗi cikin zagi a waccan takardar. Haka muka saba tun muna yara, ban san yadda ake yi maka magana a miƙe ba. Yau na koya. Don girman Allah, don Baba, Rabo, kada ka ɗora talatin da biyar.

Yahya

*

Kankara,
Litinin, 25 ga Oktoba

Rabo,

Sallama. Kwana shida ke nan ba amsa. Hadi bai shigo Kankara ba tun Laraba, an ce an tare hanyar Sheme motoci sun daina bi. Na hau dutsen bayan gari inda ake cewa wani lokaci waya na kamawa, na tsaya har rana ta gasa ni, ba ta kama ba. Wani mai kayan gwari ya ce ya ji wata a-kori-kura ta faɗi wajen Sabuwa, bai san ta wa ba ce. Na kasa cin abinci.

Wannan na ba wani mai zuwa Funtuwa, ya ce zai nemi ɗan Tafoki a tasha. Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko zagi ne.

Yahya

*

Tafoki,
Alhamis, 28 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Yahya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ce Barakatu, matar ɗan'uwanka. Ina gaishe ka, ina gaida Zulaihatu da yara. Takardunka biyu sun iso. Ka kwantar da hankalinka tukuna, yana da rai. Yana asibiti a Funtuwa, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, da haƙarƙari. Likita ya ce zai taka, amma ba yanzu ba. Jiya na dawo daga wurinsa don in duba Baba.

Takardarka ta Talata ta zo ranar Laraba da la'asar, tun kafin tafiyar. Ina daga zaure ina jin sa yana karanta wa mutane a gindin dalbejiya. Da ya zo wurin da ka ce ka ajiye wasa, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kun ji sabon salo! Jikan mace ya ga zagi bai ci ba, ya koma rantsuwa." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Da ya shigo na ce masa, Malam, wannan ba muryar wasa ba ce. Ya ce in ba ni da taubashi in yi shiru, ban san yadda abin yake ba.

Gide ya ba ni labarin sauran. Sun ɗora talatin da biyar, har saman keji. Ya ce ya zura hannu, akwai sauran wuri fiye da yatsu huɗu. Da suka zo gangaren rafi Malam ya sa giya ɗaya yadda ka ce, amma nauyin ya tura ta, birki ya ƙi. Su Gide da ke sama su uku suka dira. Ta faɗa cikin rafin ta daki gaɓar tsallake, sai suka ji ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta karye a tsakiya, kaya suka taho gaba suka danne kan. Sun fi awa suna janye buhuna kafin su zaro shi. A kan ƙyauren motar suka ɗauko shi, a ƙafa, har bakin titi.

Ba wanda ya iya tsayawa gadin masara. Washegari da aka koma da 'yan sa-kai, an kwashe. Buhu shida aka samu, waɗanda suka faɗa ruwa, muna ta shanya ko za su yi. Tayoyi ma an kwance, da batir.

Mairo ta zo tana kuka tana cewa ita ta jawo. Gide ya daina fitowa majalisa, an ce zaune yake yana duban hannunsa. Ni ban san wa zan ɗora wa ba, kuma na gaji da nema.

Wani abu da zan faɗa maka, ban san ko daɗi zai yi maka ba. Duk wanda ya je ya ga motar sai ya dawo yana yabon aikinka. Sun ce ta rabe biyu amma sifirin ɗin ko lanƙwasa bai yi ba. Mutum uku sun tambaye ni inda garejinka yake.

Ka sa mu a addu'a.

Barakatu Rabo

*

Kankara,
Asabar, 30 ga Oktoba

Zuwa ga Rabo, ta hannun Barakatu.

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Allah ya bar mana kai. Sannu, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Da hanya ta ƙara lafawa zan zo. Ga buhu biyu nan na ba Hadi ya sauke a gida.

Ban san da wane ido zan dube ka ba. Ni na ga tsagar da idona, ni na san abin da falle tara zai yi, kuma hannuna ya ɗaura su. Da na ƙi, da ka zage ni ka huce. Sannan shekara arba'in ina yi maka magana da zolaya, ranar da na zo da gaskiya ba ka gane muryata ba. Wannan ba laifinka ba ne, ni na saba maka da haka.

Wai ana yabon aikina. Da na karanta wurin sai da na fita bayan gareji na zauna. Na yi alkawari ba zan sake ƙara wa motar kowa ko falle ɗaya ba. Waɗanda suka tambayi garejina, a ce musu na daina.

Ka yafe mani.

Yahya

*

Funtuwa,
Laraba, 3 ga Nuwamba

Yahya,

Wa alaikumus salam. Da hannuna nake rubutawa, a kwance, takardar na kan faranti. Jiki da sauƙi. Ƙafar na rataye, tari ne kawai ke sa ni ganin taurari. An ce Baba na tambayata kullum, ba a faɗa masa duka ba. Buhunanka sun isa, Allah ya saka. Na ce Barakatu ta raba abin da ke ɗaki, ta kai wa Mairo takwas. Za mu ci da ƙyar zuwa bazara, daga nan Allah na nan. Abdulgafar har yau shiru.

Kwana uku ina juya takardarka. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan bari ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Na gane muryarka. Tun layin farko na gane. Ka taɓa ce mani ɗan'uwana a takarda? Da na ga kalmar na san ba wasa. Amma na riga na buɗe ta a gaban mutane, Gide na gefena, ga Mairo can jikin katanga ta kawo igiyoyin mijinta don a ɗaure kaya. Da bakina na ce mata duka zan kwaso. In na karanta takardar yadda ka rubuta ta, dole ɗayan biyu: in koma dajin nan sau biyu, ko in dubi matar nan in ce rabi. Na farkon tsoro ya hana ni, na biyun kunya. Sai na ga ga hanya a buɗe, ai taubashina ne. Na yi dariya, kowa ya bi ni. Har Barakatu na yi wa tsawa don ta faɗi abin da na sani.

Don haka ba kai ka kasa magana ba. Ni na ɓuya a bayan wasanmu, na tuƙa motar ina sane. Kai za ka yafe mani.

Maganar ka daina kuwa, ban yarda ba. Cikin mutum ukun nan akwai Uwais, ƙanen Gide. Dawarsa na can Kwarin Marke ba a kwaso ba, motarsa ta fi tawa tsufa, kuma tsoron da na ji shi yake ji. In ka kore shi, Sabuwa zai tafi a yi masa falle tara, ba mai ce masa komai. Ranar Asabar zai zo maka. Na ce ya kawo ta da kansa, kada ya aiko. Ka ƙara masa biyu, ka ja shi ƙarƙashin motar ya kwanta kusa da kai, ka ɗora yatsansa a kan shasin. Ka faɗa masa adadin buhu a gaban mutane, da ƙarfi, don ya sami abin da zai kare kansa da shi ranar da wata ta durƙusa a ƙofarsa. Shi ba abokin wasanka ba ne, ba shi da inda zai ɓuya.

A gaida Zulaihatu. In za ka zo, ka taho da lemo, abincin nan ba ya shiga.

Ɗan'uwanka,
Rabo